Kafin ka ce wiskin Ailan ya fi na Sikotlan laushi

Yawancin hukuncin da ake yankewa tsakanin wiskin Ailan da na Sikotlan, da kofi biyu kacal ake yanke shi: Jameson a dama, Laphroaig a hagu. Mutum ya ji na farko lumus, ya kai hanci ga na biyu hayaƙi ya buge shi, shi ke nan ya tashi da fatawar cewa na Ailan laushi gare shi, na Sikotlan kuwa hayaƙi ne zalla. Aikin tantance ƙamshi da ɗanɗano ya koya mini cewa wannan ba gwaji ba ne. Jameson haɗi ne na wiskin tukunya da wiskin hatsi mara nauyi, an tatse shi (an tafasa an kama tururin) sau uku, babu hayaƙi a tsironsa, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka busar. Laphroaig tsiron sha'ir ne tsantsa, an tatse shi sau biyu, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa hayaƙi a duk Sikotlan. Abubuwa uku ko huɗu ne suka bambanta a lokaci ɗaya, to wanne za ka ɗora wa abin da ka ji?

Hukuncin giya a Musulunci a fili yake, kuma ba shi ne zancen nan ba. Zancen na masu karatun kimiyyar abinci ne, da ma'aikatan otal, da duk wanda aiki ya haɗa shi da tantance abu da hanci. Masu haɗa wiski a manyan kamfanoni ma, yawancin aikinsu da hanci suke yin sa ba da maƙogwaro ba.

Dokokin ƙasashen biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda masu talla ke nunawa. A Sikotlan dokar 2009 ta ce abin da za a rubuta wa single malt dole ya fito daga matata ɗaya, daga ruwa da tsiron sha'ir kaɗai, a tatse shi a tukunya, ya tsimu aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak wadda ba ta wuce lita 700 ba, kuma kada ƙarfinsa a kwalba ya gaza kashi 40 cikin ɗari na barasa. Ailan ma shekara 3 ce, lita 700, kashi 40. Inda suka rabu, dokar Ailan ta ce gangar katako, ba ta tilasta oak ba, sannan Ailan na da wani nau'i nata na kanta, single pot still, wanda ake haɗa tsiron sha'ir da ɗanyen sha'ir da bai tsira ba, kowanne aƙalla kashi 30, da ɗan wani hatsi da bai wuce kashi 5 ba. Asalin wannan haɗi haraji ne. A 1785 aka ɗora haraji a kan tsiro a Ailan, masu matata suka riƙa cusa ɗanyen sha'ir don rage biya, daga baya dabarar ta zama salo. Ɗanyen sha'ir ne ke kawo maiƙo-maiƙon da ke lulluɓe harshe, da ɗan yaji mai kama da citta ko masoro. Wanda ya ajiye Redbreast 12 kusa da Bushmills 10, dukansu na Ailan, dukansu tatsa uku, dukansu kashi 40, zai fara gane wannan maiƙo da harshensa, domin Bushmills ɗin tsiro ne zalla.

Batun tatsa sau uku shi ne inda na fi ganin mutane suna ruɗewa. Tatsa ita ce a tafasa ruwan da yis ya gama aiki a kansa, a kama tururin, a sanyaya shi ya koma ruwa. Ruwan farko yana da barasa wajen kashi 8. Tukunya ta ɗaya tana kai shi ashirin da 'yan kai, ta biyu ta kai shi wajen 70. In an ƙara ta uku sai ya haura 80, kuma mayuka masu nauyi da yawa su tsaya a baya, shi ya sa yake fitowa sakayau da ƙamshin tuffa da furanni. Amma babu dokar da ta wajabta wa Ailan tatsa uku. Matatar Cooley sau biyu take yi, kuma Connemara da take fitarwa hayaƙi gare shi. A can Sikotlan kuma Auchentoshan sau uku take tatsa, haka Hazelburn na matatar Springbank. Abin da ya sa maganar ta zauna a kan mutane tarihi ne: a 1966 Jameson da Powers da kamfanin Cork suka haɗe suka zama Irish Distillers, Bushmills ta shigo cikinsu a shekarun 1970, aka buɗe sabuwar matatar Midleton a 1975. Daga nan har zuwa 1987 da John Teeling ya kafa Cooley, kusan duk wiskin Ailan daga matata biyu na kamfani ɗaya yake fitowa. Salon gida ɗaya ne aka ɗauka a matsayin halin ƙasa. Yanzu matatun tsibirin sun haura 40, kowa da hanyarsa.

Siffar tukunya ma tana yin abin da yawan tatsa ke yi, wani lokaci ta fi. Jan ƙarfe yana kama sinadaran farar wuta, don haka duk yadda tururi ya daɗe yana gogar jikin tukunya, haka ruwan zai fito tas. Wuyan tukwanen Glenmorangie ya haura mita 5, tururi mai nauyi ba ya iya hawa sai ya koma ƙasa. Na Macallan gajeru ne, nauyin yana wucewa. Matatun da har yanzu suke sanyaya tururi a murɗaɗɗen bututu cikin tankin ruwa, irin su Mortlach da Craigellachie da Talisker, ruwansu yakan zo da kauri, wani har da ƙamshin romon nama, saboda tururin bai sha gogar jan ƙarfe sosai ba. Tsawon aikin yis ma na da hannu: awa 48 yakan bar ƙamshin hatsi da gyaɗa, in ya wuce kwana uku sai ƙamshin 'ya'yan itace ya ƙaru.

Sai hayaƙi. Fit wata baƙar laka ce ta tsirrai da suka daɗe suna ruɓewa a fadama, ana yanko ta a shanya a ƙona. Ana hura ta a ƙarƙashin tsiro tun yana da danshi, domin kamar banda ne, hayaƙi jiƙaƙƙen abu yake kamawa, in ya bushe an gama. Ana auna abin da ya kama da lambar ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan: Bowmore wajen 25, Lagavulin da Caol Ila wajen 35, Laphroaig arba'in da wani abu, Ardbeg wajen 55, Octomore kuwa ya wuce 100. Abin da ba a cika faɗa ba, a jikin tsiro ake auna lambar, ba a cikin kwalba ba. Fiye da rabi yana salwanta a hanya, kuma shekarun ganga suna ƙara lafar da shi. Sinadaran hayaƙi a ƙarshen tatsa suke fitowa, don haka wanda ya daina tarar ruwan da ke fitowa da wuri ya bar mafi yawansu a baya. Lagavulin da Caol Ila tsironsu kusan iri ɗaya ne, amma na farko ya fito da nauyi da ƙamshin kwalta, na biyu sakayau da ɗan ƙamshin lemun tsami. Ni a ganina lambar ppm ta fi amfani ga mai talla fiye da mai gwaji. Kuma ko a tsibirin Islay ɗin da aka sani da hayaƙi, Bunnahabhain 12 da Classic Laddie na Bruichladdich kusan babu shi, balle Glenfiddich da Glenlivet na yankin Speyside.

Ganga ita ce ke rikita gwaji fiye da komai, domin ƙasashen biyu kasuwa ɗaya suke zuwa sayenta. Gangar da aka taɓa zuba burbon, wato wiskin masara na Amurka, wajen lita 200, tana ba da fanila da kwakwa da zuma. Gangar sheri, wata giyar inabi daga Sifaniya, wajen lita 500, tana ba da zabibi da kirfa da kanumfari. Ƙaramar ganga ta fi saurin aiki saboda ruwan ya fi taɓa katako, kuma gangar da wannan ne karonta na farko da wiski ta fi wadda aka yi ta maimaitawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Shekara 10 a sabuwar cikawa na iya fin 18 a gajiyayyar ganga ɗanɗanon itace. Lambar shekaru a kwalba shekarun mafi ƙuruciya ne cikin abin da aka haɗa, ba shaidar inganci ba. Launi ma kada ya ruɗe ka, dokokin biyu sun yarda a ɗiga launin ƙonannen sukari, shi ya sa ɗakunan gwaji ke amfani da kofuna shuɗɗa masu duhu. In ka gwada Redbreast 12, mai rabon gangar sheri, da Glenmorangie Original na gangar burbon, rabin abin da ka ji bambancin Sifaniya da Amurka ne.

To yaya ake jera teburin? Abu ɗaya ake sauyawa, a bar saura. Don jin aikin ƙasa ko gida, Bushmills 10 da Auchentoshan 12: tsiro zalla, tatsa uku, babu hayaƙi. Don jin hayaƙi, Connemara da Caol Ila 12. Don jin ɗanyen sha'ir, Green Spot da Glenlivet 12, ko da yake a nan yawan tatsa ma ya bambanta, sai a riƙe wannan a rai. Kofuna su zama iri ɗaya, masu faɗin ciki da tsukakken baki irin Glencairn. Tambulan mai buɗaɗɗen baki yana barin ƙamshi ya watse. Mililita 20 zuwa 25 ya isa, a rufe bakin kofin, a bar shi minti goma a ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 22. A ɗaki mai zafi barasa ce ke fara tashi ta danne komai. Ƙanƙara kuma akasin haka take yi, tana kulle ƙamshin ta kashe harshe.

Daidaita ƙarfi shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Ardbeg 10 da Powers John's Lane kashi 46 ne, Talisker 10 kashi 45.8, Lagavulin 16 kashi 43, Green Spot 40. Mai ƙarfi kullum yakan zama kamar ya fi cika baki, ko da ba haka ba ne. Masu haɗi sukan sauke komai zuwa kashi 20 kafin su shinshina, domin a nan zafin barasa ya daina cizon hanci, aibi ya fito fili. Lissafin ba wuya: ka ninka yawan wiskin da ƙarfinsa, ka raba da ƙarfin da kake so, ka cire abin da ka fara da shi. Mililita 25 na kashi 40 yana son ruwa 25. Na kashi 46 yana son 32.5. Na kashi 58, wanda aka ɗura kai tsaye daga ganga, yana son 47.5. Da sirinji ake aunawa ba da ido ba. Ruwan ya zama mara gas, mara warin kilorin, kuma ba daga firji ba. Idan wiskin da ba a yi wa tacewar sanyi ba, wato ba a sanyaya shi an tace mayukansa ba, ya yi gajimare bayan ka zuba ruwa, bai lalace ba, mayukansa ne suka fito. Tsofaffin wiski, masu shekara 20 zuwa sama, su kan wargaje da ruwa mai yawa, don haka a shinshina su tukuna, a ƙara ruwan ɗigo-ɗigo.

Wajen shinshinawa kada a zurma hanci a ja dogon numfashi. Gajeren ja biyu ko uku, baki a ɗan buɗe, a janye. A fara da mara nauyi, mai sheri ya biyo, mai hayaƙi a ƙarshe, domin bayan Laphroaig duk abin da ya biyo baya hayaƙi zai yi. Ga wanda bai goge ba kofi biyar ko shida iyaka ne, hanci na gajiya ya daina ji. In ya gaji, shinshina bayan hannunka ko ka sha iska minti biyu. Wanda aikinsa ya kai ga ɗanɗanawa yana riƙe ɗan kaɗan a baki daƙiƙa goma ya tofar, ya lura da abu uku daban: nauyi a harshe, ɗanɗano, da abin da ya rage bayan an tofar. Turare a jiki, sigari, goro, barkono, man goge baki, duk suna ɓata aikin, haka mura. Kowa ya rubuta nasa kafin a yi magana. Da zarar babba a wurin ya ce ya ji zuma, kowa zai ji zuma.

Akwai aibobin da ya kamata hanci ya sani da suna. Warin jiƙaƙƙen kwali yawanci daga toshiyar kwalba yake. Warin ashana da aka ƙyasta ko ƙonanniyar roba yawanci daga gangar sheri ne da aka yi wa hayaƙin farar wuta, kuma wasu mutane ba sa jin sa sam, abin da ke jawo musu mara amfani a teburi. Warin man goge farce alamar an bar farkon tatsa ya shiga, warin cuku ko gumi alamar an ja ƙarshen ya yi tsawo. Ɗanɗanon sabulu kuwa, kafin ka zargi kowa duba kofin, sau da yawa ɗauraya ce ba ta fita ba. Kwalbar da ta yi ƙasa da kashi ɗaya bisa uku ta kuma shafe watanni a buɗe ta riga ta saki ƙamshinta, bai dace a kara ta da sabuwa ba.

Duk wanda ya ce yana bambance na Ailan da na Sikotlan da hanci, akwai gwajin da ke raba gardama. Kofi uku masu duhu, biyu abu ɗaya ne, ɗaya daban, wani ya zuba ya sa musu lambobi a ɓoye, a ce ya fitar da baren. Mai cinta kawai yana dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka zagaye ɗaya ba ya tabbatar da komai, sai an maimaita ana sauya jerin kofunan da kuma wanda ya zama bare. Da Jameson da Laphroaig kowa gwani ne. A gwada da Bushmills 10 da Auchentoshan 12, dukansu a sauke su kashi 20.