Yadda Fijon mahaifina ta riƙa mace mini a hanyar Zariya

Motar gado ce, Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a da, mai kafireta (wadda ke haɗa fetur da iska) da kontak (wanda ke saitawa da katse wutar filogi). Bayan rasuwar mahaifinmu ta shekara biyu a ajiye a gindin darbejiya kafin na ce zan tashe ta. Na sa batir, na juye baƙin mai, aka wanke kafireta, ta tashi. A cikin birnin Kano ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ran da na fara ɗaukar hanyar Zariya ne ta nuna hali. Na wuce Kura lafiya lau, ina giya ta huɗu, sai na ji ƙarfi yana zarewa. In na taka totur sai ta yi kamar an shaƙe ta, ta fizga sau biyu, sau uku, gudu ya yi ta raguwa har ta mutu kafin Kwanar Dangora. Na yi ta murza makulli, injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa. Na zauna kamar minti goma ina salati, na sake gwadawa, ta tashi tamkar ba ita ba. Haka muka yi sau uku kafin Zariya.

Duk wanda na ba labari, koyil yake cewa, wato abin da ke ƙarfafa wutar da ke zuwa filogi, wai in ya ɗau zafi yakan yanke wuta, in ya huce ya dawo. Maganar gaskiya ce, koyil yana yin haka. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo sabo. Ba ta daina ba. Na canja filogi huɗu da wayoyinsu, na canja kontak da kwandensa, aka daidaita tazarar kontak a milimita 0.4. Wani bakanike ya sake kwance kafireta, ya ce ya gama da ita. Kuma kullum a gareji tana silo sumul, har a riƙa kallona kamar mai ƙirƙirar ciwo. Wautata a nan take: ina sayen kaya ne a kan zato, ban taɓa buɗe bonet a daidai lokacin da ta mutu ba.

Daga baya na tuna da wani tsohon bakanike, abokin mahaifina, wanda ya daɗe da ajiye sifana. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗana, ɗif take ɗaukewa ko a hankali take sanyi?"

Na ce, "A hankali, Baba."

Ya ce, "To wuta ba ta cika yin sallama ba, lokaci guda take yankewa, wani sa'in har da harbi a salansa. Fetur shi ne ke ja da baya sannu a hankali. Ɗauko galan, mu hau titi."

Muna wuce Kura ta yi halinta. Bai bari ta huce ba. Ya zare wayar tsakiya daga kan distiribita, mai rarraba wuta ga filogi, ya kusanta ta da jikin injin, ya ce in murza makulli. Tartsatsi shuɗi, mai ƙara. Wuta lafiya ke nan. Ya cire iyakilina, wato matatar iska, ya leƙa bakin kafireta yana jan totur da hannu. Ya kamata a ga mai ya yi tsartuwa a ciki, amma ko ɗigo babu. Ya buɗe murfin tanki yana kasa kunne, domin in hanyar iskar tanki ta toshe za a ji ya ja iska "fuuu". Shiru. Sai ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfon mai, ya sa wani guntun tiyo daga famfon zuwa galan. Ta tashi nan take, ya yi ta ba ta wuta ba ta ko tari ba. Famfo da kafireta sun fita daga zargi, saura tanki da bututunsa. Wannan gwajin na galan a tsaye ake yin sa, nesa da mai shan taba, kada wani ya ce zai yi tafiya da fetur a buɗe kusa da inji.

Da aka sauke tankin, abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara: ɓarɓashin tsatsa da ruwa ja. Shekara biyun da ta yi a ajiye, tankin kusan wayam yake, raɓa ta yi ta taruwa a ciki tana cin ƙarfe. A gari injin ɗan mai kaɗan yake sha, don haka abin da ke ratsawa ya ishe shi. A babban titi famfo na zuƙa da ƙarfi, tsatsar ta taru ta liƙe a bakin bututu, kafireta ta ƙafe. In injin ya mutu zuƙar ta tsaya, dattin ya koma ƙasa, shi ne minti goman da nake ɗauka koyil ne ke hucewa. Ni ma na taimaka wa cutar, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita biyar-biyar nake zubawa, wani lokacin a wajen 'yan bumburutu, kullum motar daga gindin tanki take sha.

Aka wanke tankin, aka hure bututu da iska, Baba ya sa mini 'yar matatar mai ta roba, wadda ake ganin cikinta, kafin famfo. Sati biyu ta yi ja, na canja, ta biyun har yau tas take. Tsohon koyil ɗin yana cikin but, lafiyarsa ƙalau. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Zariya na dawo, tsayawata ɗaya, ita ma sayen rake na yi.