Jinkirin mahaɗar hanyoyi: abin da lissafin zirga-zirgar Damagaram ya koya mini

Aikinmu shi ne mu gina zirga-zirgar Zinder cikin kwamfuta, ta yadda za a iya tambayarta: in aka faɗaɗa wannan titi, ko aka matsar da waccan tasha, ina cunkoso zai koma? Muka ɗauko hanyoyin daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, muka raba gari shiyya-shiyya, Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam da sauransu, muka ƙiyasta masu fita daga kowace shiyya da inda suka nufa.

Manyan tsare-tsare irin wannan sun saba ɗora jinkiri duka a kan tsawon titi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce BPR, ta hukumar hanyoyin Amurka, tun 1964: in titi ya cika daidai ƙarfinsa, wato iya motocin da zai ɗauka, lokacin tafiya ya ƙaru da kashi 15 cikin 100, in kuma motocin suka ninka, ƙarin ya ninka sau 16. Ta dace da doguwar kwalta, kamar RN1 bayan an bar gari an nufi Maraɗi. Cikin gari kuwa kowane ɗan kabu-kabu ya san a mahaɗa lokaci yake salwanta.

Sai muka raba lissafin: kowace mahaɗa da jinkirinta, kuma mai miƙewa daban, mai shan kwanar hagu daban. Inda akwai fitilar ba da hannu muka ɗauki ƙa'idar Webster ta 1958, mai lissafa jiran motoci a gaban fitila. A nan ne alƙaluman waje suka ƙi zama. Littafin HCM na Amurka, jagoran auna ƙarfin hanyoyi, yana ɗaukar motoci 1,900 a layi guda cikin awa ɗaya ta koriyar wuta, motoci ne jere, kowace bayan ƴar'uwarta. Da na hau benen wani shago kusa da Kasuwar Dole ranar Alhamis ina ɗaukar bidiyo da waya, ba haka na gani ba. Babura suna kurɗawa ta tsakanin motoci su taru a gaba kamar garken tumaki a bakin rijiya, da an ba da hannu sun wuce kafin mai mota ya sa giya. Mai tsayar da kowa shi ne kamiyo ɗaya mai neman kwanar hagu, ko ɗan ga-ruwa da kurarsa cike da jarkoki. Dole muka auna lokacin da kowane irin abin hawa yake ci a mahaɗa da kanmu, daga bidiyon, daƙiƙa bayan daƙiƙa.

Wahala ta biyu ta lissafi ce. Tsarin yana neman daidaiton da masanin sufuri Wardrop ya bayyana a 1952, inda babu direban da zai rage lokacinsa ta canza hanya. Amma jiran mai fitowa daga lungu ya danganta ne da yawan motocin babban titi, don haka kwamfuta sai ta yi ta kai da kawo: ta kwashe kowa zuwa wannan hanya, zagayen lissafi na gaba ta maido su. Muka shawo kanta da haɗa sakamakon kowane zagaye da na baya a ɗauki tsaka-tsaki, muka kuma sa wa jinkiri iyaka.

Ban ga amfanin yi wa kowane lungun Birni wannan dogon lissafi ba. Ƙananan mahaɗai mun ba su ƙayyadaddun daƙiƙoƙi, muka zuba ƙarfinmu inda hanyar Agadas da ta Magarya suke shigo da manyan motoci. Ƙidayar damina ce ta rage mana yanzu, don in ruwa ya kwanta a hanyoyin ƙasa kowa kwalta yake hawowa, nauyin mahaɗan kuma ya canza.