Kilimanjaro ba wasa ba ne

Jama'a na dawo Legas lafiya daga hawan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, wallahi zafin Agege ma yanzu daɗi yake min. Dutse mai tsayin mita 5,895 fa, mu da muka saba da bakin teku numfashi kawai ya zama aiki. Tsakar dare muka bar sansanin ƙarshe, tocila a goshi, ƙanƙara ko'ina, ruwan gorata ya daskare, asuba ma sai taimama na yi. Amma 'yan dakon Tanzaniyan nan su suka ban mamaki, kilo 20 a ka, tanti da tukwane da gas, su wuce mu suna waƙa, kafin mu ƙaraso har shayi ya tafasa. Wai kuma wani a tawagarmu yana ƙorafin kuɗin sallamarsu, haba malam, kai da jakarka ma ta gagare ka!