Asabar, Garwa: wa ya faɗa?

Zafin Afrilu ya kai intaha, tun hantsi ba mai iya zaman ɗaki. Na shimfiɗa tabarma gindin darbejiya ina tsince shinkafa, 'yata ta zo ta durƙusa: "Umma, ki ara mini wayarki, lissafi ya tsaya mini." BEPC, jarabawar kammala ƙaramar sakandare, za ta rubuta bana, makarantarsu kuma ba a shiga da waya, don haka tawa ce ke shan wahala Asabar da Lahadi. Na aiki ƙanenta ya sa mana data ta sefa 500 a bakin titi.

Na zuba mata ido. Ta nemo wani malami a YouTube, daga jin Faransancinsa ba ɗan Kamaru ba ne, yana bayanin ƙa'idar Thalès a kan allo. Inda ta ɓace sai ta tsayar da shi da ɗan yatsa, ta mayar baya, ta kwafa a littafi, ta goge, ta sake. Bai gaji ba, bai daka mata tsawa ba. A ajinsu yara sun yi yawa, na baya ko rubutun allo ba sa gani sosai, ita kuma kunya ba ta barinta ɗaga hannu. Da abin ya shiga kanta har tafi ta yi ita kaɗai. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. A zamaninmu littafi ɗaya muke karɓa-karɓa, idan malami ya wuce wuri, ya wuce ke nan.

Bayan la'asar ɗan yayata ya shigo, shi Probatoire ce a gabansa, jarabawar ajin kusa da na ƙarshe a sakandare. Yana ta rawar jiki, wai a wani zauren WhatsApp an ce "ruwa" ya zubo, tambayoyin jarabawa na nan, a tura sefa 2,000 ta waya a samu. Na ce, "Kai, wa ke sayarwa?" Ya ce, "Inna, ba a san shi ba, amma kowa na turawa." Na tuna masa 2020, da tambayoyin Bac, jarabawar kammala sakandare, suka bazu a waya, aka sa yara sake rubuta wasu darussan, mai laifi da marar laifi, wasu har suka tsinci kansu a hannun hukuma. Ya sunkuyar da kai. Sai kuma ya nuna mini yadda yake ɗaukar hoton aikin gida ya ba manhajar ChatGPT mai amsa tambayoyi, amsa ta fito a tsare. Na ce ya rufe wayar ya maimaita mini layi biyu na farko. Ya kasa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Waya ɗaya ce, amma ita hanya ta nema a ciki, shi amsa kawai yake so, ranar jarabawa kuwa daga shi sai biro.

Surukina na zaune a zaure yana jinmu. Shi da ya yi karatun buzu a Marwa, har gobe yana iya lissafa malaman da ya ɗauki Ahalari da Ishmawi a wajensu, da waɗanda su ma suka karanta a hannunsu. Ya kira yaron ya ce, "Duk abin da ka ji a cikin wannan abar, ka tambaya: wa ya faɗa, shi kuma a wajen wa ya ji?" Yaron ya ce, "To, Malam." Na so a ce makarantun boko suna koya wa yara wannan tambayar, don saƙon murya na maganin gargajiya da fatawa da labarin ƙarya duk ta ƙofa ɗaya suke shigo musu da darasin lissafi.

Da magariba aka ɗauke wuta, caji ya ƙare. 'Yata ta ƙarasa sauran tambayoyi a takarda da tocila, ɗaya ta gagare ta, ta ce Litinin za ta daure ta kai wa malaminsu. Gobe bayan azahar zan je gidan Yaya mu yi maganar ɗanta da kuɗin nan, kafin ya tura.