Laraba: Asu Ya Shiga Bargona

Yau da safe na buɗe akwatin da na daɗe ban taɓa ba, sai na tarar asu ya huhhuda mini bargon ulu ta gefe guda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina cikin kakkaɓe shi na hangi wani ɗan abu kamar guntun zare mai kauri, tsawonsa bai wuce santimita 1 ba, yana tafiya da kansa. Na durƙusa na zuba masa ido.

Ashe tsutsa ce a cikin ɗan gidanta. Kai kawai take leƙowa da ƙafafun gaba, ta ja gidan tana tafiya. Da na taɓa bakin da tsinke, sai ta shige, can kuma ta ɓullo ta ɗaya bakin. Ƙofa biyu gare shi, kuma tana iya juyawa a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne launin gidan: ja da toka, sak irin zaren bargon. Da silikin bakinta da zaren da take ci take saƙa shi, in ta ƙara girma kuma ta tsaga gefe ta yi masa ƙari, kamar tela yana buɗa riga.

Wannan shi ne asun da ake kira Tinea pellionella a kimiyyance, sunan da masanin halittu Linnaeus ya ba shi tun 1758. Babban, mai fukafukai ruwan ƙasa-ƙasa, ba ya cin komai. Kwanakinsa kaɗan ne, ya yi barbara, macen ta zuba ƙwai a wuri mai duhu, shi ke nan. Duk ɓarnar ta tsutsar ce, domin cikinta na narkar da keratin, sinadarin da ke cikin gashi da ƙaho da kofato, wanda halittu ƙalilan ne ke iya ci. Tun kafin mutum ya san saƙa, a sheƙar tsuntsaye take rayuwa, tana cinye gashin da ya zube da ragowar fatar mushe. Ita a wurinta bargona gashin tunkiya ne da aka yar, musamman inda gumi ya taɓa.

Da rana na shanya bargon, na goge lungunan akwatin tsaf. Ita kuwa na kasa murƙushe ta. Na saka ta a kwalba tare da ɗan ƙyallen ulu shuɗi, na huda murfin. Ina so in ga ko nan da mako biyu shuɗi zai fito a bakin gidan.