Ku san direba kafin ku sayi katin hoto

A shekarar 2021, lokacin da katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, ya yi wuyar samu a ko'ina saboda masu haƙar kuɗin intanet da ƙarancin kayan lantarki da ya biyo bayan korona, na shiga wani shagon kayan kwamfuta na hannu a nan Jidda da 'yan riyalolin da na tara. Sana'ata zanen alluna da takardun talla ce a wata ƙaramar maɗaba'a, a gida kuwa na ɗora Ubuntu, wani nau'i na tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, a kan tsohuwar kwamfuta don in riƙa ƙarasa aiki da dare. Tambaya ɗaya na yi wa mai shagon, wato giga nawa ke cikin katin, da ya ce 4 sai na biya na fito da GTX 760 na kamfanin NVIDIA ina murna. Ƙannena, tambayar da ta kamata in yi ita ce: wa ke rubuta direban wannan kati a Linux, kuma har yaushe zai ci gaba da kula da shi?

Direba shi ne tafinta tsakanin kati da zuciyar tsarin, wadda ake kira kanel, kuma a Linux tafintocin ba hali ɗaya gare su ba. Na Intel da na AMD buɗaɗɗu ne, wato kowa na iya duba su ya gyara, suna zaune cikin kanel ɗin kansa. Amdgpu, direban AMD, ya shiga tun 2015, sauran aikin zane kuma tarin manhajar Mesa ke ɗaukarsa, saboda haka da zarar an kafa tsarin kati ya kama aiki ba tare da an sauke komai ba. NVIDIA kuwa ta daɗe tana riƙe da nata direban a rufe, sai dai a ɗora shi daga waje, yayin da masu sa kai suka gina wani mai suna nouveau ta hanyar bin diddigin yadda katin ke aiki, wanda yakan nuna hoto amma ba ya kai katuna da yawa ga cikakken ƙarfinsu. A 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren direbansa da ke hulɗa da kanel, amma ga katunan zuriyar Turing zuwa sama kawai, wato daga GTX 16 da RTX 20. Katin da na saya na 2013 ne, ɗan zuriyar Kepler, kuma direba mai lamba 470 ne na ƙarshe da ya san da zamansa. An riga an sanar da haka a fili, ni ne ban karanta ba.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo, domin tsohuwar al'ada ce ta ja ni. Na saba da Windows, inda mutum kan je shafin kamfani ya sauke direba ya danna, sai na yi haka nan ma, na bar wanda Ubuntu ya tanada a rumbun manhajojinsa. Makonni uku komai lafiya lau. Wani daren Alhamis na amince da sabuntawa, sabon kanel ya sauka, na kashe na kunna, sai allo ya yi baƙi ƙirin, babu komai sai ɗan farin layi yana ƙiftawa a kusurwar hagu ta sama. Da safiyar Asabar zan miƙa zanen allon wani gidan abinci. Na kwana riƙe da waya a hannu ɗaya ina karanta bayani, ɗayan hannun yana danna Ctrl da Alt da F3 don in samu wurin rubuta umarni, har aka kira asalatu ban ga fuskar aikina ba. Abin da ya faru ba wani asiri ba ne: direban da na ɗora da hannu an haɗa shi ne da tsohon kanel, kuma lokacin kafawa na tsallake tambayar DKMS, wato tsarin da ke sake gina direba duk sa'ad da kanel ya canja, don ban san amfaninsa ba. Ku ɗauki direba daga rumbun tsarinku. A Ubuntu umarnin ubuntu-drivers ma zai nuna muku wanda ya dace da katinku. Idan kuma Secure Boot, tsaron da ke tantance abin da kwamfuta ke tashi da shi, na kunne, wani shuɗin allo ya fito bayan kunnawa yana neman ku shigar da makulli, kada ku wuce shi da gaggawa, domin in ba a shigar ba kanel zai ƙi karɓar direban.

Zafin Jidda da ƙura ba sa raga wa fankar tsohon kati, ƙaramin akwatin wutar kwamfutar ofis kuma ba ya ɗaukar katin da ke jan wat 170 ko fiye, don haka ku duba lambar wat da ke jikin akwatin kafin ku fita kasuwa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan wancan daren na koma AMD, na huta, har na mai da abin tamkar aƙida, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi damuna, saboda a aljihun wani ya faɗa. A 2022 ɗan maƙwabciyarmu, yaro mai hankali da ke koyon Blender, manhajar zanen 3D, ya same ni bayan sallar isha'i ya ce, "Kawu, wane kati zan saya?" Ban tambaye shi aikin da zai yi ba, na ce ya nemi RX 580, katin 2017 mai giga 8 da ke tafiya sumul a Linux. Sumul ɗin kuwa ya yi, sai dai Blender 3.0, wanda ya fito a ƙarshen 2021, ya riga ya daina amfani da OpenCL, hanyar da yake sa kati aiki, wajen fitar da hoto, sabuwar hanyar HIP da ta maye gurbinsa kuma ba ta karɓar katin wannan zuriya. Yaron ya dawo yana jiran kwamfuta ta niƙa hoto ɗaya na tsawon lokaci, katin da mahaifiyarsa ta biya yana zaune yana kallo. Mai aikin Blender ko koyar da na'ura, wanda manhajojinsa suka dogara da CUDA, fasahar NVIDIA ta sa kati yin lissafi, sau da yawa NVIDIA ce ta dace da shi, duk da ɗawainiyar direbanta. Mai rubutu da kallo da ƙaramin zane kuwa, a ganina, sashen hoto na Intel ko AMD da ya zo cikin kwamfutarsa ya ishe shi, bai ma bukatar sayen kati.

Yanzu duk wanda ya zo mini, nakan fara da sunan manhajar da yake aiki da ita, mu buɗe shafinta mu ga katunan da ta lissafa, sannan mu duba lambar kanel ɗinsa, domin sabon kati fil ma yakan ƙi tashi a tsohon kanel, kamar yadda katin Intel Arc bai zauna daram ba sai daga kanel 6.2. Bayan haka nakan sa Linux a filasha mu tafi shagon tare, mu roƙi mai shago ya soka katin a kwamfutar gwajinsa mu kunna a gabansa. Yaron nan ya sayar da nasa da ragi, ni na cika masa abin da ya rasa, ranar da muka koma kasuwa kuma filashar tana aljihunsa.