Fitilar Hazo: Abin da Hanyar Saminaka Ta Koya Mini

Duk wanda yake tuƙi a Kaduna tsakanin watan Disamba da Fabrairu ya san yadda hazo ke sauka da asuba, har mutum ya wuce gadar Kawo bai iya hango motar da ke gabansa sosai ba. Ni kuwa sana'ata ta ɗauko masara daga Saminaka ta sa dole in kama hanya da zarar an idar da sallar asuba, a cikin Hilux ɗina da ta kwana biyu a hannuna, kuma fitilun hazonta, waɗanda ke ƙasa a jikin bamba, sun dushe har ba sa nuna mini bakin kwalta.

Da farko na bi shawarar wani mai shago, na sayi ƙwayayen LED farare fat, masu lamba 6000K a jikin kwali, wato lambar da ke nuna launin hasken. A ƙofar gida da daddare sun haska unguwa kamar rana, amma ranar da na shiga hazo bayan Pambeguwa sai na ga farin bango ya tsaya a gabana. Ƙurar da ke yawo a iska ita ce take dawo da hasken cikin idon direba, kuma wannan ne dalilin da ya sa kunna babbar fitila a cikin hazo yake ƙara makantar da mutum. Abin da ya fi damuna shi ne direbobin da ke tahowa suna ta ƙyafta mini fitila, alamar ina kashe musu ido a hanyar da ba ta da fāɗi.

Wani dattijo mai gyaran wayarin mota a Panteka, kasuwar masu gyare-gyare a Kaduna, shi ne ya warware mini matsalar. Ya zaro ƙwan ya ɗora a tafin hannunsa kusa da tsohon ƙwan halojin, irin mai zare a ciki, ya ce, "Alhaji, duba nan, wurin da hasken ke fitowa bai zo daidai da zaren tsohon ba, shi ya sa madubin cikin fitilar yake watsa shi sama." Ya nemo mini masu ruwan ɗorawa, 3000K, waɗanda gindinsu ya dace da mazaunin fitilar, ya kuma hana ni sayen halojin mai wat 100, domin wayar da aka yi don ɗaukar wat 55 tana iya zafi har ta narkar da soket. Launin ɗorawa ba ya huda hazo kamar yadda wasu ke faɗa, sai dai ya fi sauƙi ga ido, kuma Faransa ta daɗe tana wajabta shi a fitilun motoci har zuwa 1993.

Saitin ne ya ci mana lokaci, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Mun tsayar da motar kimanin mita bakwai da rabi daga katanga bayan magariba, ya auna tsayin fitilar daga ƙasa ya ja layi da gawayi, sannan ya riƙa juya sukurun har saman hasken ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da layin.

Makon da ya biyo baya na fita cikin hazo mai kauri, ina ganin ramuka da bakin titi tun kafin in isa gare su, kuma har na shiga Saminaka babu direban da ya ƙyafta mini fitila.